JERE DA KABAD: HANYOYIN TARA KUƊI DA BIYAN KAFINTA A DOGON DAWA

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin matar aure a ƙasar Hausa ya san cewa abin da ido ke fara sauka a kansa shi ne jere, watau kwanuka da tasoshi da tangaran da aka tsara su bi-da-bi, manya a ƙasa, ƙanana a bisa. An yi rubuce-rubuce masu yawa a kan aure da bukukuwansa, tun daga na-gani-ina-so har zuwa buɗar kai, amma ba kasafai ake tsayawa a tambayi inda kuɗin waɗannan kaya suke fitowa ba, balle a yi zancen katakon da ake jera su a ciki. Alhali kuwa a kan wannan katako ne uwa take shafe shekaru tana zubin adashi, uba kuma wani lokaci ya sayar da amfanin gonarsa tun bai nuna ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta amsa tambayoyi uku. Na farko, wa al'ada ta ɗora wa nauyin yin kabad da gyaransa? Na biyu, ta waɗanne hanyoyi ake tara kuɗin? Na uku, yaya ake ƙulla ciniki da kafinta har a sallame shi? An zaɓi Dogon Dawa ne saboda can ce mahaifar marubucin, sa'an nan gari ne da ke bakin daji, inda za a zaci katako ba zai yi tsada ba. Bayanan da za a kawo sun samu ne daga abin da na gani da idona da abin da na ji daga bakin iyaye mata da kafintoci a lokutan hutu.

2.0 DOGON DAWA DA DAJINTA

Dogon Dawa gari ne a Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, yammacin Jihar Kaduna, a kan hanyar da ta tashi daga Birnin Gwari ta nufi Funtuwa. Sunan garin kansa ya bayyana yanayinsa. Kalmar "dawa" da ke cikinsa ita ce mai nufin daji, wadda take jinsin namiji. Da hatsin nan ake nufi, da sai a ce "doguwar dawa", domin wannan jinsin mace ce.

A ƙasar Birnin Gwari ne gandun dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936 a zamanin En'e, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun ƙasa a 1999. Dazuzzukan wannan yanki suna da itatuwan da masassaƙa da kafintoci suke so, irin su doka da maɗaci da kawo da maje da madobiya da ƙirya. Maɗaci da kawo su ne aka fi yabo wajen ƙarko da kyawun launi, maje kuwa yana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, sai dai ba ya jimre wa ƙwaro kamar su.

Babbar sana'ar mutanen garin ita ce noma, musamman masara da dawa da waken soya da shinkafa. Wannan yana da muhimmanci ga batunmu, domin manomi sau ɗaya yake ganin kuɗi masu kauri a shekara, watau da kaka. Saboda haka ne bukukuwan aure suka fi yawa daga kaka zuwa rani, kuma a lokacin ne kafinta ba ya samun sararin cin abinci. Da damina ta sauka, sai ka tarar da shi kansa ya rufe rumfa ya tafi gona.

3.0 DAGA RAGAYA ZUWA KABAD

A da can, jeren Bahaushiya ƙorai ne da akusa da faya-fayai da tukwanen ƙasa. Akan ɗora su bisa juna a gefen ɗaki, ko a rataye su a ragaya don gudun ɓera. Babu kafinta a cikin wannan lissafi. Gyartai da masassaƙi da maginiyar tukwane su ne masu cin kasuwar. Daga baya tasoshi suka shigo, sa'an nan kwanuka masu fenti, waɗanda da farko daga ƙasashen waje ake kawo su, kafin a kafa masana'antunsu a Ikeja da Kano a wajejen 1960 zuwa sama, akasari da jarin 'yan kasuwar Hong Kong. Da kwano ya yi araha sai jere ya ƙaru, har ya fi ƙarfin ragaya. Nan ne aka fara kafa kanta a jikin bango, daga kanta kuma aka koma kabad mai marfi da gilashi. Iyayenmu mata suna danganta yaɗuwarsa da shekarun da kuɗin man fetur suka bunƙasa, musamman bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, lokacin da ma'aikata suka riƙa sayen kayan katako, mutanen ƙauye kuma suka gani suka yi sha'awa.

Harshe ma shaida ne a kan baƙuncin abin. Kalmomin kabad da kwaba da kanta da kicin da kafinta duk daga Ingilishi aka aro su, alhali ragaya da murhu da madafi da masassaƙi namu ne na asali.

Kabad iri biyu ne. Akwai na ɗaki, wanda aikinsa ado ne, shi ne mai gilashi a gaba don a hangi tangaran da kuloli. Akwai kuma na kicin, wanda aikinsa tsare garin tuwo da man gyaɗa da daddawa da sauran kayan miya daga ɓera da kyankyaso da ƙura. Na kicin ya fi saurin lalacewa, domin hayaƙi yana dafe shi, danshin damina yana kumbura shi, gara kuma tana cin sa daga ƙasa ba tare da an lura ba. Mai karatu zai ga cewa gara biyu ce ke cin kuɗin uwar amarya: wadda ake kaiwa gidan miji bayan biki, da wadda ke shigowa ta ƙarƙashin daɓe ba da gayyata ba.

Akwai lokuta sanannu da mace takan tashi gyaran ɗaki da kicin. Daga cikinsu akwai gabatowar haihuwa, saboda taron suna. Da gabatowar salla. Da auren 'ya. Da kuma lokacin da maigida zai ƙaro aure, inda uwargida takan haɗa abin da aka ba ta na kayan faɗar kishiya da abin hannunta, don kada ɗakinta ya zama abin nuni.

Wajibi ne a bambance tsakanin jere da kabad ta fuskar dukiya. Jere ajiya ce. In rana ta ɓaci, mace takan zare kwano biyu ko uku ta ba dillaliya ta sayar, in kuma ba ta ɓaci ba, da su za ta fara haɗa wa 'yarta nata jeren. Kabad kuwa tun ranar da aka sauke shi daga mota darajarsa take raguwa. Wannan bambanci shi ya kamata ya zama ma'aunin irin bashin da ya dace a ci dominsa.

4.0 WA KE DA ALHAKIN BIYA?

Bisa al'ada, ginin ɗaki da daɓensa da rufinsa da madafi duk a wuyan miji suke. Abin da za a zuba a ciki kuwa, watau kayan ɗaki, a wuyan iyayen amarya yake. Uba yakan ɗauki manyan kayan katako, kamar gado da kujeru da kabad, uwa kuma ta ɗauki kwanuka da tukwane da sauran tarkacen girki. A gidan da uba ba shi da ƙarfi, sai nauyin duka ya gangaro kan uwa da 'yan'uwanta.

A nan ne sadaki yake shigowa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa, mafi ƙarancin sadaki shi ne rubu'in dinari, kuma malamai sun bayyana cewa ana sa ran mace ta yi wa kanta kayan ɗaki daga abin da ta karɓa na sadaki, gwargwadon al'adar wurinsu. Abin lura shi ne, hukuncin ya tsaya a kan gwargwadon abin da aka karɓa. Al'ada ce ta zo ta faɗaɗa abin, har ya zama sadakin ba ya sayen ko da katifa, sauran kuma iyaye su nemo duk inda za su nemo.

Bayan an tare, kayan sun zama mallakar mace, don haka gyaransu ma nata ne, sai dai in miji ya taimaka don kyautatawa. In aure ya mutu, 'yan'uwanta mata za su zo su kwashe kome, har tsintsiya. Wannan ne ya sa sabon salon da ya fito daga birane irin su Kaduna da Zariya, na kabad ɗin da ake mannawa a bangon kicin da ƙusa da siminti, ya zo da wata matsala. In mace ce ta biya, ba za ta iya cire shi ba sai ya farfashe. In miji ne ya biya, ba ya cikin kayanta. Gwaggona takan gargaɗi 'ya'yanta cewa kada su zuba kuɗinsu a kan abin da ba zai hau mota ba. Saboda haka matan ƙauye da yawa har yanzu sun fi son mai ƙafafu, wanda maza huɗu za su iya ɗagawa.

5.0 HANYOYIN TARA KUƊI

5.1 Sana'a da Asusu

Tushen kuɗin mace shi ne sana'ar cikin gida: ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ƙosai, awara, fura, daddawa, kitso, ɗinkin hula da makamantansu. Da yake matan aure da yawa ba sa fita kasuwa, 'ya'ya mata ne suke kai kayan talla, kuma akan ce ribar ta kayan ɗakinsu ce. Abin da aka samu akan jefa shi a asusu, na ƙasa ko na katako. Asusu ba shi da sharaɗi kuma ba shi da shaida, sai dai yana da rauni guda: duk ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi, shi za a fara fasawa. Illa mafi girma kuwa ita ce ta tallar kanta, domin yarinyar da ke yawo da faranti da hantsi ba ta cikin aji. Sau da yawa kabad ɗin da aka kai ta da shi, da karatunta aka saye shi.

5.2 Kiwo

Akuya da tunkiya da kaji su ne bankin matan karkara. Uwa mai hangen nesa takan saya wa 'yarta 'yar akuya tun tana goye, ta yi ta haihuwa, in aure ya zo a sayar da garken. Fifikon kiwo a kan asusu shi ne, kuɗin takarda darajarsu raguwa take yi, dabba kuwa farashinta yana bin kasuwa, ga kuma 'ya'ya. Haɗarinsa shi ne annoba da sata, kuma a ƙasar Birnin Gwari na biyun ya fi na farko ɓarna a shekarun baya.

5.3 Adashi

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace shahara wajen yin babban abu kamar kabad. Mata sukan haɗu, kowace ta riƙa zuba adadi guda a hannun uwar adashi, duk mako ko duk ranar kasuwa, a tattara a ba mutum ɗaya, a yi ta zagayawa har kowa ya kwasa. Ba Hausawa kaɗai ke da shi ba. Yarbawa suna kiran nasu esusu, a ƙasashen da Faransa ta raina kuma, irin su Nijar, ana ce masa tontine.

A ƙaddara mata 10 ne, kowace tana zuba N5,000 a mako. Kwasa guda ta zama N50,000, zagaye kuma zai ɗauki mako 10. Wadda ta kwasa a makon farko, a haƙiƙa rance ta samu na N45,000 ba tare da ruwa ba, za ta biya a hankali. Wadda ta kwasa a ƙarshe kuwa ajiya kawai ta yi, ta kuma ranta wa sauran. Shi ya sa jerin kwasa ya zama abin shawara da alfarma: mai biki a gaba takan roƙi a matso da ita, ko ta yi musaya da wata. Wadda ke son abin da ya fi kwasa guda takan shiga da hannu biyu. Ƙarfin adashi shi ne kunya, domin macen da za ta iya fasa asusunta cikin dare ba za ta iya fuskantar mata tara ta ce ba ta da zubi ba. Rauninsa kuma shi ne amana, domin in wadda ta kwasa ta daina zubi, ko uwar adashi ta taɓa kuɗin, babu takarda, sai kai ƙara wurin mai unguwa.

5.4 Biki da Gudummawa

"Biki" a nan yana nufin kyautar da ƙawaye da dangi suke kawowa ranar sha'ani, wadda ake ramawa. Mary Smith ta rubuta bayanin wannan al'ada daga bakin Baba ta Karo, a hirar da suka yi a Giwa da Zariya tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954. Giwa kuwa maƙwabciyar Birnin Gwari ce. Ƙa'idar da aka sani ita ce, wadda aka kawo wa takan ninka in za ta mayar, a yi ta ninkawa har abin ya yi nauyi, sa'an nan a koma ƙasa a sake farawa. Ke nan macen da ta shekara goma tana kai wa mutane biki, ranar auren 'yarta girbi take yi. Iyakarsa ita ce, sai da sha'ani ake samunsa. Ba a kai wa mace biki don gara ta cinye mata kabad.

5.5 Bashin Kaka

In duk waɗannan ba su isa ba, sai uba ya nufi mai kuɗi ya karɓi kuɗi da damina, a kan zai biya da buhun hatsi da kaka. A wasu wurare ana kiran wannan falle. Shari'a ta halatta cinikin salam, watau a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya nan gaba, muddin an fayyace irin kayan da ma'auninsu da lokacin bayarwa. Abin da ke cutar da manomi shi ne farashin da akan yanka masa, domin mai bukata ba ya iya taya kayansa da daraja. Wanda ya fi wannan muni shi ne a ba da buhu guda a karɓi biyu, wanda riba ce ƙarara. A nan ya kamata a tuna cewa rubutun boko ya haɗe kalmomi biyu da baki ya raba: akwai riba mai dogon wasali a gaɓar farko, wadda ɗan kasuwa ke nema, da riba mai gajeren wasali, wadda aka haramta, ita ce jama'a suke kira kuɗin ruwa. Uban da ya ci irin wannan bashi yakan kai 'yarsa ɗaki da kaka, kafin bazara kuma rumbunsa ya zama wayam.

5.6 Banki

Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin kusanto da rance ga talaka. An kafa Bankin Al'umma, wato People's Bank, a 1989, aka haɗe shi da bankin manoma a 2000. An fito da tsarin ƙananan bankuna a 2005. A 2012 kuma bankin Jaiz ya fara aiki a kan tsarin da babu ruwa, inda ake iya saya wa mutum kaya a sayar masa da ƙayyadadden ƙari, ya biya kaɗan-kaɗan. Duk da haka, wannan hanya ta fi dacewa da ma'aikaci mai albashi. Matar da ke soya awara a Dogon Dawa, reshen banki ya yi mata nisa, takardun da ake nema sun yi mata yawa, ga kuma tsoron ruwa.

6.0 CINIKI DA KAFINTA

Da yake mace ba ta cika zuwa rumfar kafinta da kanta ba, ƙane ko ɗa ko miji ne yake zama ɗan aike. Kafinta yakan zo gida ya gwada wurin, sa'an nan ya yanka kuɗi. Kuɗin kashi uku ne a dunƙule: na katako; na ƙananan kaya, irin su ƙusa da gam da gilashi da mariƙi da kwaɗo da fenti ko fomeka; sai kuɗin hannu. In daga wani gari za a kawo, akwai kuɗin mota da na 'yan dako.

Ciniki iri biyu ne. Ko dai a ba kafinta aikin gaba ɗaya, kome nasa, ko kuwa mai aiki ya sayo kaya da kansa, ya biya kuɗin hannu kawai. Na farko ya fi hutu, amma a cikinsa ne ake sa ɗanyen katako ko mai araha a wuraren da ido ba ya kaiwa, watau baya da ƙasa. Na biyu ya fi tsaro, amma sai wanda ya san katako.

Biya kuwa galibi sau uku ne. Da farko akwai kafin alƙalami, wanda da shi kafinta zai sayo kaya, kuma yakan kai rabin kuɗin ko fiye. Sa'an nan a ƙara wani abu in an haɗa gangar jikin. Ciko kuma sai an kawo kaya an duba. Hikimar riƙe ciko a bayyane take, domin an san halin masu sana'ar hannu da cika alkawari. Malaman fiƙihu sun yi magana a kan irin wannan ciniki na sa a ƙera abu. Malikiyya sun fi riskar da shi ga salam, inda ake son a biya kuɗin tun farko, Hanafiyya kuwa sun yarda a jinkirta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta amince a biya a rarrabe. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, amma da wuya ka ga an rubuta ko da layi guda tsakanin mai aiki da kafinta.

Bari in kawo misali daga gidanmu. Da daminar 2022 gara ta cinye ƙasan kabad ɗin kicin na yayata, har ya karkace. Ta shiga adashi da hannu biyu da nufin yin sabo, ni ne kuma ɗan aike. Da kwasar farko ta fito na kai wa wani kafinta kafin alƙalami, ba takarda, ba shaida. Kafin ya fara aikin sai hare-hare suka tsananta a ƙauyen iyayensa, ya kwashe iyalinsa ya bar yankin, kuɗin kuma suka bi shi. Ba na ce ya yi da niyyar cuta ba, amma dai ba su dawo ba. Kwasa ta biyu ta faɗo a watan Fabrairu na 2023, daidai lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi a hannun jama'a. Rabin matan suka kasa zubi, abin da aka tara bai kai ko kusa ba.

Wani dattijon kafinta ne ya fitar da mu. Da ya duba, sai ya nuna mini cewa marafe da gilashi da allunan gefe lafiyarsu lau, domin maɗaci ne. Ƙasa da baya ne kawai suka mutu. Ya sake su da busasshen katako, ya shafe ƙasan da baƙin mai, ya ɗora ƙafafun a kan duwatsu, ya kuma matsar da shi daga bango kamar faɗin tafin hannu. Kuɗin bai kai sulusin na sabo ba, wani ɓangare ma da masara aka biya shi. Abin da na koya shi ne, kafin a tambayi inda za a samo kuɗi, a fara tambayar ko aikin yana bukatar kuɗin da ake zato.

7.0 MATSALOLIN WANNAN ZAMANI

Matsala ta farko ita ce hauhawar farashi. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar naira a watan da ya biyo, kome ya tashi, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024. In aka bi wannan ma'auni, aikin da aka yanka N100,000 zai koma wajen N134,800 bayan shekara guda. Wannan ya karya tsohon lissafin adashi, domin mai kwasar ƙarshe takan karɓi adadin da ta zuba cif, amma ba ya sayen abin da ya saya wa ta farko. Dabarar da wasu mata suka ɓullo da ita ita ce gajarta zagaye, ko kuma da zarar kuɗi sun shigo a mai da su katako ko akuya, kada su kwana a hannu.

Ta biyu ita ce rashin tsaro. Tun harin da aka kai wa masallata a Dogon Dawa da asubar 14 ga Oktoba, 2012, inda aka kashe aƙalla mutum 20, yankin ya shafe shekaru cikin satar shanu da garkuwa da mutane. A 2021 Gwamnatin Jihar Kaduna ta dakatar da kasuwannin mako-mako a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi, ta hana saran itatuwa, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Kowace hanya da aka lissafta a sashe na 5.0 sai da abin ya taɓa ta: ba kasuwa ba talla, ba talla ba zubi, dabbobi an kore, gonakin nesa sun gagara, abin da aka tara don ɗaki kuma ya tafi kuɗin fansa. A watan Nuwamba na 2024 ne aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta daɗe a rufe.

Ta uku ita ce katakon kansa. Manyan itatuwa sun ja baya. Saran madobiya don fitarwa zuwa ƙasar Sin ya yi yawa a Afirka ta Yamma, har aka sa ta cikin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ta taƙaita cinikinsu daga 2017, aka bi da maɗaci da kawo a taron 2022. Sakamakon haka, mutumin da ke kwana a bakin daji ya koma sayen allunan kamfani na dusar katako da aka matse, waɗanda ake kawowa daga birni. Suna da sheƙi a ido, amma da ruwa ya taɓa su sai su kumbura su ruguje. Na maɗaci uwa takan bar wa 'ya, wannan kuwa da wuya ya ga yayen ɗan fari, sai a sake komawa adashi.

8.0 KAMMALAWA

An ga yadda kabad ya shigo ɗakin Bahaushiya a matsayin baƙo har ya zama ɗan gida, da yadda al'ada ta raba nauyinsa tsakanin uba da uwa da mace ita kanta. An kuma ga hanyoyi shida na tara kuɗinsa. Huɗu na farko, watau sana'a da kiwo da adashi da biki, suna kan abin da mutum ya mallaka ko ya shuka a wurin jama'a. Bashin kaka kuwa yana cin abincin baɗi ne tun bana.

Shawarwarin da za a iya bayarwa kaɗan ne. A nemi kafinta ya duba ko gyara zai wadatar kafin a yanke shawarar sabo. A rubuta ciniki, da irin katakon da ranar kawowa, a gaban shaidu biyu, ko da da ajami ne. Kada kafin alƙalami ya wuce kuɗin kaya, kuma kada a ba da ciko sai an ga aiki. Kada a ci bashi mai ruwa a kan abin da darajarsa raguwa take yi. Uwa-uba, kada a cire yarinya daga makaranta don a cika mata kabad. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki.

A ƙarshe, ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman mata, waɗanda suke da damar shiga ɗakunan da mu maza ba ma shiga, da su tattara sunayen kwanuka da salon jere na garuruwansu tun tsofaffin da suka san su suna raye. Allah ya ba ƙasar Birnin Gwari zaman lafiya mai ɗorewa, amin.